Yadda Ake Mayar da Tsohon Triumph na Ingila Babur ɗin Tseren Hamada

A shekarun 1950 da 1960, duk ranar Lahadi za ka tarar da ɗaruruwan mahaya sun jeru kafaɗa da kafaɗa a hamadar Mojave da ke kudancin Kalifoniya, injina a kashe, ƙafar kowa a kan kik. Can nesa an tara tsofaffin tayoyi an cinna musu wuta, baƙin hayaƙi ya miƙe sama, shi ne alamar inda za a nufa. Da an sauke tuta sai wuri ya kaure da ƙara da ƙura. Daga wurin hayaƙin nan sai bin sawun farar ƙasa da aka zubar a hanya, cikin yashi da duwatsu da busassun koramu, wani lokaci tafiyar mil 100 ko fiye. Baburan da suka mamaye wannan fage na Ingila ne: Triumph a gaba, sai BSA, Matchless, Norton da Royal Enfield. Amurkawa suka raɗa musu suna desert sled, saboda faffaɗan farantin ƙarfen da ake ɗaura musu a ƙarƙashin inji, wanda suke sulalewa a kansa bisa yashi da dutse.

Ba kamfani ne ya ƙirƙiro wannan babur ba. Mahaya ne suka riƙa sayen babur ɗin titi, su kai gareji, su cire abin da ba ya da amfani, su ƙarfafa abin da ya saba karyewa. A gasar Big Bear ta 1960 mahaya sama da 700 ne suka tashi, kaɗan ne suka ga ƙarshenta, wanda ya yi na ɗaya kuwa yaro ne ɗan shekara 16, Eddie Mulder, a kan Royal Enfield. Daga nan za ka gane inda gizo yake saƙa: a hamada abin da ake nema shi ne babur ɗin da zai kai ka ƙarshe. Abokan gabansa huɗu ne, ƙura da zafi da jijjiga da dutse, kuma duk aikin da zan zayyana a nan maganin ɗaya daga cikinsu ne.

Da farko, zaɓi babur

Wanda ya fi dacewa shi ne Triumph TR6 Trophy, mai silinda biyu da cc 649, wanda aka fara ƙerawa a masana'antar Meriden kusa da Kobentiri a 1956. Kamfanin Johnson Motors na Pasadena, mai rarraba Triumph a yammacin Amurka, shi ya riƙa tura su hannun 'yan tsere irin su Bud Ekins, wanda ya ci Big Bear sau uku kuma yake da shagon Triumph a Sherman Oaks. Ƙarfin injin ya ɗan haura dawaki 40, nauyin babur ɗin kuma wajen kilo 170. Abin da ya sa na fi son sa a kan ɗan'uwansa Bonneville mai kabireta biyu, wanda ya fito a 1959, shi ne kabireta ɗaya gare shi. Kabireta ɗaya, filta ɗaya, waya ɗaya ta totur: ƙofar da ƙura za ta shiga ta ragu da rabi, haka ma abin da zai kwance a hanya.

Iri biyu za ka samu. Zuwa 1962 inji daban, akwatin giya daban, kuma magneto ne ke ba da wuta. Daga 1963 aka haɗe inji da giya a gida ɗaya. Ga mai farawa, na 1963 zuwa 1970 ya fi sauƙi, domin kayan gyaransa sun fi samuwa, har yau ana ƙera sababbi. Firam mai bututu biyu a gaba na 1960 ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa a wuya, shi ya sa kamfani ya ƙara masa bututu a 1961. In ka ci karo da shi, duba wuyan da kyau. Na 1971 zuwa sama, waɗanda ake zuba baƙin mai a cikin firam ɗinsu, sun fi tsayi kuma kamanninsu ya bambanta, amma suna aiki. Mai ƙaramin jiki ya duba T100C mai cc 500, ya fi sauƙin ɗagawa idan an faɗi.

Akwai wasu, kamar BSA Gold Star da Chuck Minert ya ci gasar tsibirin Katalina da shi a 1956, har kamfani ya fitar da samfurin Catalina Scrambler, da kuma Norton P11 na 1967 da aka dasa wa injin Atlas mai cc 750 a firam ɗin Matchless. Waɗannan sun yi tsada yanzu, ba na yanka ba ne. A nan ma zan roƙe ka abu ɗaya: in ka samu TR6SC ko TR6C, wato samfuran TR6 na shiga jeji, cikakke, da fentinsa na asali, lambar inji ta yi daidai da ta firam, kada ka sa masa zarto. Nemi wanda zamani ya riga ya ci rabinsa, wanda ba fitila, ba madigadi, tanki ya lotsa. Shi ne kayan aikinka. Lambar inji tana gefen hagu, ƙasa da silinda, ta firam kuma a hagu kusa da wuya.

Tanadi sifanu kafin ka taɓa noti ko ɗaya

Wannan shi ne inda yawancin mutane suke fara ɓarna. Triumph na kafin 1968 da ma'aunin Whitworth aka ƙera notocinsa, zarensu kuma na Ingila ne irin na da. Wajen 1968 zuwa 1969 kamfani ya fara komawa zaren Amurka, don haka babur ɗaya zai iya ɗauke da iri biyu. Sifanar milimita da muka saba da ita a kan baburan Japan da Sin za ta zauna kamar ta yi daidai, sai ka ja ta mulmule kan notin. Sayi jerin sifanun Whitworth da na inci. Ka kuma nemi abin zare cibiyar kuloci, da abin zare haƙoran kam, da littafin gyara na shekarar babur ɗinka. Duk abin da ka kwance ka ɗauki hotonsa da waya, ka zuba shi a leda ka rubuta sunansa.

Kwance komai, ka duba firam

Sauke inji, ka bar firam tsirara. Wanke shi ka kankare fenti a wurare uku: wuya, inda injin ke zama, da inda hannun tayar baya yake juyawa. Bututun firam ɗin Triumph a cikin gwiwowin ƙarfe aka cusa su aka like da jan ƙarfe, saboda haka mai walda da wutar lantarki wanda bai san haka ba zai iya narkar da likin ya raunana gaɓar. Faɗa masa tun kafin ya kunna inji. Ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ka tabbatar suna layi ɗaya.

A wuya akwai ƙwallayen boris 20 a sama, 20 a ƙasa, sakakku. Maye su da boris mai kan mazurari, ya fi jure duka. Bushin hannun tayar baya ma a sabunta. Sai ka cire jakin tsakiya, domin shi ne farkon abin da dutse zai kama. Jakin gefe ka bar shi, amma ka sa masa sifirin mai ƙarfi.

Inji: fara da abin da ba a gani

A cikin karanshaf na Triumph akwai wani rami da bututu a ciki, inda dattin baƙin mai yake taruwa idan inji yana juyawa. Babur ɗin ba shi da filtar mai ta kirki, sai raga kawai, don haka wannan rami shi ne matatarsa. Ba ka isa gare shi sai ka raba gidan inji biyu. Murfinsa yana gefen karanshaf, an daddoke bakinsa da ƙusa don kada ya kwance; sai ka huda wurin dokan da ƙaramin dirila, ka ɗumama, sannan ya juyu. Ka cire bolti ɗaya na fulawil da ke riƙe da bututun, ka zaro shi. Abin da za ka gani wani toka-tokan abu ne mai tauri kamar busasshiyar laka, wani lokaci ya cika ramin har sai ka sa tsinken ƙarfe ka riƙa tono. Ta nan mai yake bi ya isa ga ƙafafun fistin. Ranar da ya toshe gaba ɗaya, ƙafar fistin ta hagu ce take fara ƙonewa, domin ita ce a ƙarshen layin mai, kuma tana iya fasa gidan inji ta fito. Ko mai sayarwa ya rantse maka an gyara inji, in ba ka ga hoton ramin nan a buɗe ba, buɗe shi.

Bayan nan sai awo: karanshaf, metal, boris, silinda, ringi. Kada ka nemi fistin mai matsi sosai. Na kamfani a shekarun ƙarshe 9 ne bisa 1. Ga mai shiga yashi a rana tsaka, 8 bisa 1 ko ƙasa kaɗan ya fi lafiya. Inji zai rage zafi, zai karɓi fetur ɗin da ka samu, kuma ba zai doke maka ƙafa ba sa'ad da ka gaji kana buga kik karo na goma. Ka bar kam ɗin TR6 na asali. Abin da ake so a yashi shi ne jan inji tun daga ƙasa.

Famfon mai ƙarami ne mai sanduna biyu, ɗaya na tura mai cikin inji, ɗaya na kwaso shi ya mayar tanki, kowanne da 'yar ƙwallo da sifirin. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a ƙarƙashin ƙwallon ta isa ta hana mai komawa. Sa sabon famfo, ka wanke tankin mai har sai fetur ya fito fes, sannan ka ƙara filta irin ta mota a kan tiyon da ke mayar da mai tanki, ka ɓoye ta a bayan akwatin giya inda dutse ba zai same ta ba. Tankin yana ɗaukar kimanin lita 3. Baƙin mai 20W50 na babur za ka zuba. Na mota na zamani yana sa kuloci sulɓi, musamman a injinan 1970 zuwa sama da ke raba mai ɗaya da gidan kuloci.

Bawul a inji mai sanyi ake saita shi: na shigar mai 0.002 na inci, na fitar hayaƙi 0.004. Bayan tafiyar farko ka sake ɗaure notocin kan silinda, ka sake awon bawul, domin gaskit yakan kwanta. Ƙarfen da ke riƙe kan silinda da firam kada ka kuskura ka bar shi a kwance. In ya saki, jijjiga takan ninku.

Iska da kabireta

In da za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak daga duk wannan rubutu, filtar iska zan zaɓa. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a bayan babbar mota a hanyar ƙauye lokacin hunturu ya san irin ƙurar da nake nufi, mai laushi kamar garin fulawa. A tseren hamada, in ba kai ne a gaba ba, cikinta za ka wuni. Idan ta shiga silinda ta haɗu da mai, ta zama garin wasa wuƙa, kuma a yini ɗaya tana iya cinye ringin da ya kamata ya yi shekaru. 'Yar filtar kamfani mai kama da faifai ba ta isa ba. Mahayan wancan zamani sukan ɗora babbar filta a tsakiyar firam, ƙarƙashin sirdi, su haɗa ta da kabireta da tiyon roba. Yi haka, da filtar soso. Jiƙa ta da man filta, ka matse har ya daina ɗiga, ka shafa giris a bakinta inda take zama. Bayan kowace fita ka cire ta ka zura yatsa cikin bakin kabireta. In ka ji gari-gari ko kaɗan, akwai kafa, nemo ta kafin ka sake tayar da inji. Riƙe soso na biyu a jiƙe cikin leda don canji a tsakiyar tafiya.

Kabiretar Amal ce: Monobloc a tsofaffi, Concentric 930 daga ƙarshen shekarun 1960. Dukansu jikinsu mai laushi ne. Notoci biyun da ke ɗaure ta da inji kada ka ƙulle su da ƙarfi, jikin zai lanƙwashe, abin totur ya maƙale a buɗe, kuma ba ka son ganin haka kana fuskantar kwari. Tsakaninta da inji a sa abin tare zafi. A Concentric, 'yar kafar silo, wadda ke ba inji mai idan ba a ja totur ba, takan toshe idan fetur ya kwana; a huda ta da siririyar waya mai kaurin 0.016 na inci. Sukurun iska ka rufe shi a hankali, ka buɗe juyi ɗaya da rabi, daga nan ka daidaita da kunne. Babban jet kuwa gara mai ya ɗan yi yawa da ya yi kaɗan, domin inji mai ƙishin mai a cikin yashi yakan huda fistin. Launin fulogi zai gaya maka: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat haɗari. Ka tuna tsayin wuri yana canja lissafi. Masu Big Bear sukan tashi daga ƙasan hamada su ƙare a kan tsauni mai tsayin mita 2,000, inda iska ta yi ƙaranci, jet ɗin da ya yi daidai a ƙasa ya koma mai yawa.

Wuta

A tsohon samfuri, magneto Lucas K2F ba ya buƙatar batir, shi ya sa 'yan hamada suka so shi. Ciwonsa ɗaya: in ya tsufa, kwandansa na ciki yakan gaji, babur ya tashi lafiya da safe, amma da ya yi zafi ka kashe, ya ƙi tashi sai ya huce. Kai shi a sake naɗa masa waya a canja kwandansa. Tazarar foyin 0.012 na inci ce. A na 1963 zuwa sama, ni dai na fi natsuwa da wutar lantarki ta zamani irin ta Boyer ko Pazon, da ƙaramin batir marar zuba a naɗe cikin soso. Ba a ganinta daga waje, kuma ƙura ba ta cin abin da ba ya gogayya. Ko wanne ka zaɓa, tartsatsi ya zo a digiri 38 kafin fistin ya kai ƙololuwa idan inji yana juyawa da sauri. Auna da fitilar tayimin, kada ka yi da ka. Wayoyin waɗannan babura bangaren fositif ne ke zuwa jikin firam, saɓanin abin da aka saba, kuma juya su yana ƙona akwatin wutar nan take. Sake wayoyin gaba ɗaya, kaɗan ne: caji, kwayil, da maɓallin kashewa a kusa da babban yatsa.

Kuloci, sarƙa da haƙora

Yashi yana cin kuloci. Sa sababbin faifai da sifirin, ka daidaita notocin har faifan waje ya riƙa ɗagowa a miƙe idan ka ja hannu kana juya shi. Giya huɗu ce, a ƙafar dama take, birkin baya a hagu. Wanda ya girma a kan baburan yau sai ya ba ƙafafunsa kwanaki su koya, a fili, kafin ya shiga duwatsu.

Rage haƙori ɗaya a sufuroket na gaba, ko ka ƙara 'yan kaɗan a na baya, don giya ta ɗaya ta iya tafiyar hawainiya a cikin dutse. Kada ka wuce gona da iri, domin akwai busassun tafkuna da za ka buɗe wuta na mintuna, inji kuma bai son kuka mai tsawo. Sarƙa lamba 530 ce. Mai zoben roba takan fi faɗi har ta gogi gidan inji, auna kafin ka saya. Wajen ɗaure ta, danne babur har sufuroket na gaba da ƙusar hannun taya da gatarin baya su zo layi ɗaya, nan ne ta fi tsukewa, ka bar mata ɗan sassauci a nan. Makullin sarƙa, rufaffen kansa ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya.

Ƙafafu

Fok na gaba ka sa masa sababbin bututu da bushi da sil, sifirin mai ɗan tauri, mai mai kauri, da rigar roba don tare ƙura. Masu hali a wancan zamani sukan sa Ceriani na Italiya. Shok ɗin baya na asali Girling ne, tsawonsa wajen inci 13. Za ka iya ƙara inci ɗaya don cikin babur ya ɗaga, fiye da haka sarƙa za ta fara cin hannun taya.

Rim na gaba inci 19, na baya 18 mai ɗaukar taya 4.00. Wasu yanzu suna sa 21 a gaba, yana haye rami da kyau, amma 19 mai faɗi ya fi yawo a kan yashi mai laushi kuma shi ne kamannin asali. Saƙa rim da sababbin silla masu kauri. Mahayan wancan zamani sukan ɗaure silla da siririyar waya a duk inda biyu suka gitta, don in ɗaya ya tsinke kada ya shiga sarƙa ko ya huda tib. Dabarar tana aiki har gobe. Sa tib mai kauri, da maƙalin da ke danne taya a jikin rim, ɗaya a gaba, biyu a baya, in ba haka ba taya za ta zame ta tsinke bakin tib idan ka rage iska. A wuri mai dutse fam 15 zuwa 18 na iska ya yi. A yashi zalla ka rage.

Faranti, salansa, sirdi da tanki

Gidan injin Triumph alminiyom ne, kuma tiyoyin mai a ƙasa suke. Farantin kariya ya fara daga gaban inji, ya lanƙwaso ƙasa, ya wuce har bayan akwatin giya, da kunnuwa a gefe biyu don kare murfin kuloci da na tayimin. Alminiyom mai kaurin milimita 5 zuwa 6 ko ƙarfe mai 3 ya isa. A da har da shebur ake yi, a yanke ƙota a huda a ɗaura. Ka sa roba tsakaninsa da firam, ka huda inda za ka riƙa zubar da mai, kawunan bolti kuma kada su leƙo ƙasa.

Salansa a ɗaga ta sama. TR6SC bututu ɗaya yake da shi a kowane gefe, TR6C na baya-baya kuma duka biyun a hagu. Kowanne ka bi, sa garkuwar zafi a inda ƙafa take taɓawa, ka kafa kowane bututu a wuri biyu. A filayen gwamnati na Amurka doka ta wajabta ragar tare tartsatsi a bakin salansa saboda gobarar daji. Maganar kula da ƙasa ba wasa ba ce a can: shahararriyar gasar tsere daga garin Barstow zuwa Las Begas da aka fara a 1967 hukuma ta dakatar da ita daga baya, saboda kare kunkurun hamada da mazauninsa.

Sirdi ya zama mai kaurin soso sosai, irin na Bates da suka yi tashe, domin shok ɗin baya gajere ne, soson ne ke shanye sauran dukan. Kan babur mai faɗi da sandar ƙarfafawa a tsakiya. Hannayen birki da kuloci masu dunƙulallen baki, kuma kada ka ƙulle su gam, bar su su iya juyawa idan an faɗi maimakon su karye. Matakan ƙafa masu naɗewa, a yi musu haƙora da walda. A saman tankin tsofaffin Triumph akwai wata 'yar kariyar ƙarfe ta ɗora kaya. Cire ta ka toshe ramukan, domin ranar da babur ya tsaya cak kai ka wuce gaba, a kanta za ka bi. Tanki ya zauna a kan roba ta ko'ina, kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe, in ba haka ba zai tsage a gindi. Cika shi ka yi tafiya a yashi ka auna nisan da yake kai ka, kada ka dogara da lissafin titi.

Ɗaure komai

Fistin biyun wannan inji tare suke hawa tare suke sauka, don haka jijjiga halinsa ce, ba ciwo ba. Duk notin da ba ka kulle ba zai bar ka a hanya. Sa gam ɗin zare a kan kowane bolti na jiki, ka yi amfani da noti mai roba a ciki. Murfin zubar da mai, notocin salansa, murafun bawul huɗu da saman kabireta, waɗannan a huda su a ɗaure da waya. Shimfiɗa wayar kuloci da ta totur na biyu a gefen na farko, ka naɗe bakinsu da salatif. In ɗaya ta tsinke, minti biyar ka canja.

Tayarwa da gwaji

Kafin ka buɗe fetur, ja kuloci ka buga kik sau biyu ko uku har faifai su saki, in ba haka ba giya ta ɗaya za ta shiga da ƙara. Buɗe fetur, danna ɗan maɓallin gefen kabireta har mai ya jiƙa maka yatsa, taka kik a hankali har ka ji tauri, sannan ka sauke nauyinka gaba ɗaya. Da ya kama, buɗe murfin tankin baƙin mai ka leƙa. Za ka ga mai yana tsartowa daga ɗan bututu, da farko a jere, daga baya da kumfa-kumfa. In minti ɗaya ya wuce ba ka ga komai ba, kashe inji. Idan babur ya daɗe a ajiye, mai yakan sulale ya taru a ƙasan inji. Zubar da shi ka mayar tanki kafin ka tayar.

Yi mil 300 zuwa 500 a hanya mai sauƙi don ringi su zauna, ka canja mai, ka bi kowane noti da kowane sili. Sannan ka shiga yashi. Nauyin nan na kilo 170, wanda ya sa Husqvarna da sauran ƙananan babura masu sauƙi suka ƙwace fagen a ƙarshen shekarun 1960, yana da nasa amfani: idan ya samu gudu yakan miƙe kamar jirgin ƙasa. Tsaya a kan matakai, ka tura jikinka baya, ka riƙe totur a buɗe a giya ta biyu ko ta uku, ka bar kan ya yi 'yar rawarsa ba tare da ka ƙanƙame shi ba. Da ka saki totur a yashi mai zurfi, tayar gaba za ta nutse. Birkin babur ɗin nan irin na ganga ne, ba na gaggawa ba, don haka idonka ya riƙa kallon nesa. In ka kafe, kada ka tsaya kana ƙona kuloci; sauka, kwantar da babur a gefe, tura yashi cikin ramin da taya ta haƙa, ka ɗaga shi ka sake tashi.

A jakar kayan aiki ka riƙe fulogi biyu da sifanarsu, makullin sarƙa da ɗan guntunta, ƙarafan cire taya, tib ɗaya na inci 19 wanda zai iya shiga baya ma in ta ɓaci, famfon hannu, waya, salatif, da sifanun Whitworth ukun da ka fi amfani da su. Ruwan sha a jikinka za ka goya shi, kada ka ɗaure a babur, domin wani lokaci da ƙafa ake komawa. Kada ka fita kai kaɗai, kuma ka gaya wa na gida hanyar da za ku bi da lokacin da za su fara neman ku in ba ku dawo ba.